Yadda Muka Yi wa Kyanwa Ƙofa a Gidan Haya a Sheffield

A gidan da na tashi a cikin birnin Kano ba wanda ya taɓa tunanin yi wa kyanwa ƙofa, domin a wurinta ko'ina hanya ce: ta bi ta zaure, ta haura katanga, ta diro daga rufin madafa, idan kuma an rufe ko'ina ta kutsa ta rariya. Gidan da muke haya a Sheffield, a arewacin Ingila, ya sha bamban da wannan. Yana cikin jerin tsofaffin gidajen jan bulo da ke manne da juna, da ƙofa ɗaya a gaba wadda ke buɗewa kai tsaye a kan titi, da wata a baya wadda ke fita daga kicin zuwa wani ɗan fili, kuma saboda tsananin sanyi an toshe duk wata kafa da iska za ta iya bi. Inda iska ba ta samu hanya ba, kyanwa ma ba za ta samu ba.

Mun ɗauko kyanwar daga wata cibiyar kula da dabbobin da ba su da masu su a tsakiyar shekarar 2024, saboda ɓerayen da ke haurowa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da kuma nacin yara. An ba mu ita an riga an yi mata rigakafi da aikin hana haihuwa, an kuma dasa mata ƙwayar shaida, wato wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da likitan dabbobi ke sakawa ƙarƙashin fata a tsakanin kafaɗu. Daga ranar 10 ga Yunin 2024 doka ta wajabta wa duk mai kyanwa a Ingila ya sa a dasa mata wannan ƙwaya kafin ta cika makonni 20 da haihuwa, kuma wanda aka samu bai yi ba ana ba shi kwanaki 21 ya gyara, in ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kai fam 500. A lokacin na ɗauki abin a matsayin ɗaya daga cikin dokokin ƙasar masu yawa, ban san ita ce za ta zama mabuɗin ƙofar da za mu yi daga baya ba.

Bayan makonni huɗun da aka ba mu shawarar mu tsare ta a cikin gida don ta saba, muka fara barin ta ta fita, kuma daga nan wahala ta soma. Ba ta da lokacin fita ko na dawowa. Tsakar dare sai ta zo bakin ɗakin kwana tana kuka tana yakushin ƙofa, a sauka a buɗe mata, bayan rabin sa'a kuma a ji ta a waje tana neman shigowa. Mai ɗakina ta kawo dabarar barin ƙaramar tagar kicin a buɗe, abin da ya yi aiki har zuwa watan Oktoba, lokacin da sanyi ya kankama, na'urar ɗumama gida ta shiga aiki ba hutu, kuɗin gas kuma ya fara hauhawa. Abin da ya fi wannan muni shi ne wani ƙaton muzuru na unguwar ya gano tagar. Tamu kuwa kyanwar Lami ce, ba ta cizo ba ta yakushi, da ta hango shi sai ta shige ƙarƙashin kujera ta bar masa abincinta. Shi kuma bai tsaya ga abinci ba, sai ya riƙa fesa fitsari a bango da labule, wata rana har a kan daddumar da aka bari a falo. Jikin kyanwa da sauran ruwan da ta sha ba najasa ba ne, kamar yadda ya zo a hadisin da ya siffanta ta da cewa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, amma fitsarinta najasa ne, kuma warin na muzuru ba ya fita da wanki ɗaya. Ranar mai ɗakina ta ce da ni: "Malam, ko dai a sama mata hanyarta ita kaɗai, ko a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Ba zan yi ta wankin dadduma saboda muzurun mutane ba." Kulle ta a ɗaki dindindin bai kwanta mana a rai ba, tunda ta riga ta saba da waje, kuma kicin ɗin ya yi ƙanƙanta da ajiye kwanon yashin da take ba-haya a ciki kusa da inda ake girki.

Abin da ake buƙata sananne ne a ƙasar: 'yar ƙofa mai marfin roba da ke lilo, wadda ake huda babbar ƙofa a dasa ta, kyanwa ta ture marfin da kai ta wuce, shi kuma ya koma ya rufe. Sai dai gidan ba namu ba ne. Yarjejeniyar hayar ta hana sauya wani abu a ginin ba tare da rubutaccen izini ba, kuma muna da kuɗin ajiya na hayar makonni biyar a hannu, wanda shi ne iyakar abin da dokar kuɗaɗen haya ta 2019 ta yarda a karɓa a irin gidanmu, kuma daga ciki ake cire diyyar duk ɓarnar da ɗan haya ya yi. Na rubuta wa dillalin da ke kula da gidan, amsa ta dawo cewa mai gidan bai amince ba, domin ƙofar da aka huda ba ta komawa yadda take. Ban ga laifinsa ba, da ni ne ma abin da zan faɗa ke nan.

Wannan ƙin amincewa ne ya sa na tsaya na ƙare wa ƙofofin gidan kallo, abin da ya kamata a ce da shi na fara. Ƙofar gaba ba ta cikin lissafi, saboda motoci na wucewa taku uku daga bakinta. Huda bango aiki ne na magini, kuma ba mai gidan da zai yarda da shi. Saura ƙofar baya, wadda aka yi da roba mai tauri da ake kira uPVC, rabinta na sama gilashi, rabin ƙasa kuma falle ne na roba mai ado. Da farko na yi zaton gilashin zai fi sauƙi, sai mai aikin gilashin da na tuntuɓa ya warware mini cewa gilashin ƙofa irin wannan gasasshe ne, an ƙarfafa shi da zafi, kuma da zarar an gama gasa shi ba ya yankuwa, ana taɓa shi da abin yanka zai tarwatse ya zama tsakuwa. Bayan haka kuma falle biyu ne da aka liƙe gefunansu aka bar tazara a tsakani don riƙe ɗumi, saboda haka mai son rami a jikinsa sai dai ya ba da awo a ƙera masa sabo da raminsa tun daga masana'anta. Shi ne kuma ya nuna mini abin da ban lura da shi ba: fallen robar da ke ƙasa ba a haɗe yake da jikin ƙofar ba, wasu siraran sanduna huɗu ne na roba ke riƙe da shi ta ciki, ana iya ɓalle su a zare fallen a sa wani.

Da wannan na koma wa dillalin da sabuwar buƙata, cewa zan sayi wani falle da kuɗina in huda shi, in adana na asalin ba tare da ko ƙwarzane ba, ranar da za mu tashi in mayar da shi. Cikin mako guda izini ya zo a rubuce. Ya dace in ambata a nan cewa sa'a muka yi da irin ƙofar. Wanda ke zaune a bene mai gidaje da yawa, ƙofar shiga gidansa galibi ƙofar tare gobara ce, wadda aka ƙera don ta riƙe wuta da hayaƙi na tsawon minti 30, haka ma ƙofar da ke tsakanin gida da garejin da ke manne da shi, kuma huda irin waɗannan yana lalata amfaninsu gaba ɗaya.

Zaɓen irin 'yar ƙofar bai ɗauki lokaci ba. Mafi arha ita ce wadda kowace dabba za ta iya turewa, wadda a wurinmu daidai take da buɗe wa muzurun taga ta biyu, kuma dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai mai buɗewa da maganaɗisun da ake rataya wa kyanwa a wuya, amma abin wuyan kyanwa ana yin sa ne yadda zai ɓalle da kansa idan ya maƙale a reshe, don haka ɓacewarsa ba wuya, kuma ranar da ya ɓace ta kwana a waje. Sai ta uku, wadda kamfanoni irin su SureFlap da Cat Mate da PetSafe ke yi, mai karanta ƙwayar shaidar da ke jikin dabbar. Ƙwayar ba ta da batir, kuma ba ta nuna inda kyanwa take kamar yadda wasu ke zato; lamba ce kawai mai alƙaluma 15 a cikinta, wadda ba ta bayyana sai na'urar karantawa ta matso kusa da ita ta ba ta ɗan ƙarfin lantarki. A jikin 'yar ƙofar, na'urar karantawar tana kewaye da ɗan gajeren bututun da ke leƙawa waje, idan kyanwa ta sa kanta a ciki aka gane lambarta sai sakata ta saki. Wadda muka saya tana aiki da ƙananan batura huɗu, tana kuma tantance mai shigowa ne kawai, fita kuwa kowa na iya yi. Farashinta ya ninka na mai arhar sau da yawa, amma ita kaɗai ce ta amsa matsalar da ta kawo mu.

Kafin in taɓa ƙofar na yi abubuwa biyu da nake ganin sun cancanci a yi koyi da su. Na sa batura na danna maɓallin da ke sa ta koyi lambar kyanwa, na ajiye na'urar a tsakar falo, 'yata ta riƙe ɗan kifin gwangwani a ɗaya gefen har kyanwar ta zura kai, muka ji ƙarar sakata, muka tabbatar tana karanta ƙwayarta. Na biyu, da yake ƙarfe na dagula aikin na'urar karantawa, na tabbatar wa mai sayar da fallen cewa ina son wanda ba ƙarfe a cikinsa, kuma shafaffe marar ado, domin na asalin yana da tudu da kwari da za su hana bakin na'urar kwanciya daidai. Irin waɗannan fallaye sukan zo da kaurin milimita 24 ko 28, namu 28 ne, kuma sai da na zare na asalin na auna kafin in ba da oda, domin idan kaurin ya saɓa sandunan ba za su koma mazauninsu ba.

Ranar Asabar da hantsi na yi aikin. Na sa siririyar wuƙar fenti a tsakiyar sanda mafi tsawo na ɓanɓare ta a hankali, sauran suka biyo baya cikin sauƙi. A gefunan fallen akwai wasu 'yan ƙananan robobi da aka cusa a kusurwoyi, waɗanda mai gilashin ya gargaɗe ni kada in raina su, domin su ne ke hana ƙofar sunkuyawa ta riƙa gogar ƙasa, don haka na ɗauki hotonsu da waya kafin in motsa ko ɗaya. Ƙa'idar da ake bi wajen tsayi ita ce a auna daga ƙasa zuwa cikin kyanwar tana tsaye, wanda yawanci yakan kama tsakanin santimita 10 da 15. Tamu 12 ce. Amma dokin ƙofar da katakaren gindinta sun riga sun cinye wuri, ta yadda mafi ƙasan inda zan iya dasa na'urar ya bar bakinta santimita 23 daga daɓen kicin. Na gwada ta da kwali a wannan tsayin, ta tsallaka ba wahala, na ce shi ke nan.

Na shimfiɗa sabon fallen a kan kujeru biyu a filin baya, na liƙa salatif na takarda a inda zan yanka don kada zarto ya ƙwarzane fuskar robar, na ɗora takardar zanen da ta zo a kwalin na bi ta da fensir. Ramin da ake buƙata faɗinsa milimita 165 ne, tsayinsa 171. Na huda kusurwoyi huɗun da injin huda, na zura bakin ƙaramin zarton lantarki mai ƙananan haƙora, na bi layin sannu a hankali, domin idan aka yi sauri robar narkewa take yi ta sake liƙewa a bayan zarton. Cikin fallen farin soso ne mai tauri, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, da siririn katako a tsakiya, kuma garinsa ya manne mini a riga da gemu har yara suka yi ta dariya. Na goge bakin ramin da samfefa, na zura na'urar ta ciki, na ɗora bakinta na waje bayan na shafa masa silikon don kada ruwan sama ya shiga, sannan na ɗaure ƙusoshin da hannu, ban matse su sosai ba, saboda matsewa na lotsa soson ya karkatar da bakin, marfin ya daina lilo. Da na mayar da fallen, na jera 'yan robobin kamar yadda hoton ya nuna, na fara buga gajerun sanduna kafin dogayen. Duka aikin bai kai sa'a biyu ba.

Koya mata amfani da ita ya fi yankan cin lokaci. Kwana uku na farko mun ɗaure marfin a buɗe da salatif, tana bi ta ramin kamar taga. Da muka sake shi sai ta tsaya tana kallonsa, ƙarar sakatar kuma na firgita ta ta ja da baya. Ɗana ya so ya kama ta ya tura ta ciki, na hana shi, domin kyanwar da aka tilasta wa abu takan ƙi shi har abada. Da kifi da haƙuri, a rana ta shida ta ture marfin ta fita da kanta.

Shigowa ce ta gagara. Daren da muka fara rufe tagar kicin, an kwana ana ruwa, da na sauko sallar Asuba sai na same ta a waje jiƙe sharkaf tana kuka a gindin ƙofar. Na canza batura, na goge bututun, na sake koya wa na'urar lambarta, duk a banza, har na fara shirin mayar da ita shago a kan cewa ta lalace. Wani dattijo maƙwabcinmu, Bature mai ritaya da ke yawan zama a filinsa, shi ne ya kira ni ta kan shinge ya ce in zo waje in tsuguna in ga abin da yake gani kullum. Na tsuguna, kyanwar ta zo, sai na ga ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta dafe bakin bututun da na gaba, kanta na leƙawa yana zamewa, ƙeyarta da kafaɗunta, inda ƙwayar take, ba su ko kusanci na'urar karantawar ba. Sheffield gari ne na tuddai, kuma filin bayan gidanmu ya fi daɓen kicin gangarawa. Da na sa tef na auna daga matakalar waje zuwa bakin ramin, sai na samu santimita 41, matakalar kuma siririya ce, ba ta da faɗin da za ta tsaya a kai da ƙafa huɗu. Fita ba ta buƙatar komai sai turawa da dirowa, shigowa kuwa tana buƙatar ta tsaya cak da kanta cikin bututun na ɗan lokaci. Na'urar lafiyarta ƙalau. Ni ne na auna ƙofa mai fuska biyu ta fuska ɗaya, kuma duk gwajin da na yi da kwali a cikin kicin na yi shi, inda nake jin ɗumi.

Da a ce fallen asali na huda, ko kuma akwai sauran wuri a ƙasa da na bari, da kuskuren ya zama na kuɗi. A nan ramin na iyakar inda zai iya sauka, don haka ƙasa ce za ta hau ta same shi. Ajiye ɗan akwati a gaban ramin bai yiwu ba, tunda ta nan mutane ke fita da kwandon shanya, kuma wani zai yi tuntuɓe da shi cikin duhu. Abin da muka yi shi ne ɗaga matakalar gaba ɗayanta: dattijon ya ba ni wani faffaɗan falalen kankare da ya rage masa, na jera bulo a ƙarƙashinsa ba tare da siminti ba, don a iya kwashewa ranar tashi, har samansa ya zo dab da dokin ƙofar. Tsayin waje ya dawo santimita 25, da fili isasshe na tsayawa. A yammacin ranar ta hau, ta zura kai, sakata ta yi ƙara, ta shigo ta wuce wurin abincinta ko kallonmu ba ta yi ba. Har yanzu tsayin ya ninka abin da ake so, kuma ina sane da cewa idan ta tsufa gaɓoɓinta suka yi tauri sai an sake duba lamarin.

Muzurun ya zo ya gwada sa'arsa. Mun sha jin sa yana dukan marfin da kai cikin dare, wajen mako biyu, kafin ya haƙura. Sanyin da ke shigowa ta gefen marfin kaɗan ne, saboda akwai gashin buroshi a kewayensa da ɗan maganaɗisu da ke riƙe shi, ko da yake ranar da iska ta taso daga yamma ana jin sa yana kaɗawa. Wata al'ada ma dole muka bari, ta barin mabuɗi a jikin ƙofar baya da dare, domin ramin da kyanwa ke bi hannu ko ƙugiya na iya bi, yanzu a aljihun tebur yake kwana.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne wanda ya faru a mako na uku. Na'urar na tantance kyanwa, amma ba ta tantance abin da ke bakinta, sai ga ta da asuba ta shigo da ɓera mai rai ta sake shi a ƙarƙashin firji, ita da aka kawo don ta rabu mu da ɓeraye. Mai ɗakina ta tsaya a bakin kicin da buta a hannu ta ce, "Malam, wannan kuma wace lamba za ka sa masa?" Tun daga ranar muke amfani da makullin hannu da ke jikin na'urar, mai matsayi huɗu: a buɗe gaba ɗaya, shiga kawai, fita kawai, ko a rufe ruf. Da magariba mukan juya shi zuwa shiga kawai, idan ta dawo ta dawo ke nan sai gari ya waye, wanda ya rage farautar dare, ya kuma nisanta ta da motoci a lokacin da suka fi kaɗe kyanwoyi.

Da dillalin ya zo duba gidan a watan Janairu, ya buɗe ƙofar ya rufe sau biyu ya ga ba ta goga ƙasa, ya ɗauki hoton 'yar ƙofar da na matakalar, sannan ya nemi ganin fallen asali. Na kai shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda fallen ke jingine a bango naɗe cikin tsohon bargo, ya duba fuskokinsa biyu ya rubuta a takardarsa cewa yana nan lafiya.